Wanda Yake Tura Motar

Bango ɗaya ne tsakanin shagona da na mai hoton layinmu, kuma bangon na katako ne. Ni ina buga wa mutane takardu a keken rubutu, shi yana ɗaukar fuskokinsu. Daga inda nake zaune nakan ji shi yana ce wa mutum, "Ɗaga haɓa. Kada ka ƙifta. Tsaya haka." Wannan magana ta ƙarshe ita ta zame masa suna. Manya da yara Tsaya-Haka suke ce masa, har matarsa idan tsokana ta motsa mata. Ya rasu a daminar bara. Babu jaridar da za ta ba da labarinsa, saboda haka na ga ya kamata in rubuta abin da na gani da idona.

Gajere ne siriri, farcensa sun rine da ruwan wankin hoto, kuma ko ya yi wanka da sabulu mai ƙamshi sai ka ji ɗan tsamin ruwan nan a jikinsa. A shagon akwai kujera ɗaya mai hannu, da tukunyar furen roba, da labule mai zanen bene wanda rabin unguwa suka tsaya a gabansa. Can ciki akwai ɗakin duhu, wanda bai fi makewayi girma ba.

Yana da wa, uwa ɗaya uba ɗaya, mai walda ne a wata rumfar kwano a ƙarshen layi. Idan ka ga su biyun a tare ba za ka ce ciki ɗaya suka fito ba. Mai walda dogo ne, ƙato, muryarsa tana riga shi isa wuri. Ƙanin yana ce masa Yaya, shi kuma yana ce wa ƙanin Ɗan Tsito, ko da a gaban masu zuwa ɗaukar hoto.

Tashar mota tana bayan layinmu, don haka direbobi su ne manyan abokan cinikin Tsaya-Haka. Sukan jingina da mota, hannu ɗaya a kan madubi, a ɗauke su. Wata rana wani direba ya zo da shafin tsohuwar kalanda a naɗe. A jiki akwai hoton wata mota tana gudu: motar ta fito tas, har ana iya karanta lambarta, amma itatuwa da titi sun zama zare-zare kamar an ja tsintsiya a kan ɗanyen fenti.

"Irin wannan nake so," in ji direban. "Kai kullum sai ka ɗauki motata a tsaye, kamar wadda ta mutu a hanya. Wa zai ga hoton ya san ina aiki?"

Tsaya-Haka ya karɓi shafin ya manna a bango, kuma daga ranar ya shiga uku. Ya tsaya a bakin titi ya ɗauki motoci suna wucewa, suka fito kamar hayaƙi. Ya hau bayan wata motar ya bi wata, hoton ya fito yana rawa. Ya ɓata fim mai yawa. Matarsa ta ce ko a wajen cin abinci sai ya riƙe loma yana kallon bango.

Abin ya zo masa ne a cikin motar haya. Ya gaya mini cewa yana zaune yana kallon wata tsohuwa da ke fuskantarsa, sai ya lura ita ba ta motsi, itatuwan da ke bayanta ne suke gudu. Ashe abin da ake bukata shi ne kyamara ta zama fasinja. Ta manne da motar, inda motar ta je ta je, amma ta yi nisa da ita yadda za ta gan ta gaba ɗaya. Bai ko shiga gida ba, ya wuce rumfar wansa.

A makarantar mishan an koya mana cewa idan za ka bayyana abu, ka fara da abin da aka yi shi da shi. To, da bututun ruwa aka yi shi, irin na ƙarfe, wanda tsawonsa ya kusa na ƙaramar mota. Mai walda ya ƙera masa abin matsewa daga ƙarfen tsohon gado, wanda ake ɗaurewa a ƙarƙashin mota da noti. Da farko bututun yana lilo kamar reshe, sai ya ɗaure shi da wayoyi daga sama da gefe, ya naɗe mahaɗan da robar tsohuwar taya. A bakin bututun ya yi ɗan faranti inda kyamara za ta zauna tana kallon motar. Wayar birkin keke ce take buɗe idon kyamarar, mai hoto yana riƙe da ita yana tafiya a gefe. Direbobi suka ga ƙarfe ya fito daga goshin mota, suka sa masa suna Ƙaho.

Sauran matsala biyu. Don itatuwa su zama zare, dole idon kyamara ya daɗe a buɗe, kuma idan ya daɗe a buɗe da rana, haske ya ƙone fim. Mai walda ya ciro baƙin gilashin da yake kare idonsa da shi, ya yanke ɓari ya ba ƙaninsa ya toshe gaban kyamarar. Wannan ta warware. Ta biyu ita ce inji. Da zarar an tayar da mota, Ƙaho ya kama karkarwa, hoto ya lalace. Maganin wannan ɗaya ne: a kashe inji, a sa giya a firi, wani ya tura.

Wannan shi ne sirrin, kuma duk tasha an sani, amma ba wanda yake faɗa a gida. Motar da ka gani a hoto tana cin titi, a gaskiya tafiyar mai rakiyar baƙo take yi. Akwai wani shimfiɗaɗɗen titi a bayan ma'ajiyar kaya, mai jerin itatuwa, wanda motoci ba su cika bi ba. Can suke zuwa da sassafe, kafin iska ta tashi. Nakan bi su wani lokaci, don abin kallo ne. Direba ya sha kwalliya ya riƙe sitiyari, an gargaɗe shi kada ya motsa ko da ƙuda ya sauka a hancinsa. Ɗan Tsito yana gefe da wayar birki. Ƙaton kuma yana baya, ya dafa but ɗin motar, ya sunkuya.

Ba kowa ya iya wannan turin ba. Mutum yakan tura da ƙafar dama ya huta da ta hagu, motar ta riƙa zabura. Mai walda shi yana tura mota kamar yana zuba mai a kwalba, ba yankewa.

"Yaya, rage sauri kaɗan."

"Ni na ɗauke ka a kafaɗa kana jiƙa mini riga. Yau kai ne za ka koya mini tafiya?"

"Kanka ya fito ta saman rufi. Sunkuya."

"Da kan nan aka haife ni. In cire in ajiye maka a shago?"

Tsawonsa shi ne damuwar. Duk yadda ya sunkuya, sai kai da kafaɗa sun leƙo. Ba direban da zai karɓi hoton motarsa tana gudu ga mutum a baya yana turawa. Sai Tsaya-Haka ya gano wata dabara. Abin da ya tsaya cak tare da motar shi ne yake fitowa sosai, abin da yake motsi kuwa narkewa yake yi. Idan wansa ya riƙa kaɗa kai dama da hagu yana turawa, kan sai ya baje ya shige cikin zaren itatuwa, ya bar ɗan duhu kawai mai sauƙin gogewa.

"Kaɗa kai, Yaya."

"Kowa a garin nan ka ce masa tsaya haka. Ni kaɗai ne ɗan kaɗa kai, kamar ƙadangare."

Yana faɗa yana dariya, yana kuma kaɗawa.

Abin da ya rage aikin ɗakin duhu ne. Dole a goge Ƙaho daga hoton, a goge ɗan duhun nan na bayan mota. Sauran masu hoto a kan takarda suke gyara, kowane kwafi da nasa wahalar. Tsaya-Haka ya ga wannan ɓata lokaci ne, tunda direba yakan dawo neman kwafi don uwarsa, don budurwarsa, don mai motar. Shi a kan fim ɗin kansa yake gyarawa, da bakin reza da fensir da ɗan buroshi mai gashi kamar gira. Sau ɗaya, an gama har abada. Yana alfahari da wannan, kuma ya cancanta. Na ga hotunan, ba ka iya gane an taɓa su. An ce wani dattijo ya ga hoton ɗansa a cikin irin wannan gudu, ya ƙwace makullin motar, sai da aka kai shi titin bayan ma'ajiya ya ga yadda ake yi kafin ya mayar.

Duk wannan zamani mai hoto bai taɓa ɗaukar wansa ba. Ba ƙiyayya ba ce. Idan ƙanin ya ce, "Yaya, zauna in ɗauke ka," sai ya ce, "Da wannan baƙin hayaƙin? Bari in yi aski." Na tuna rana ɗaya da ya zo da kansa, bayan matarsa ta haifi 'yarsu ta fari. Ya yi askin, ya sa farar riga. Ya tarar shagon cike da ɗalibai masu neman hoton jarrabawa. Ya shigo wajena ya zauna yana jira, yana taɓa keken rubutuna da yatsa ɗaya yana tambaya me ya sa ba a jera haruffan bi da bi ba. Can wani ya zo ya ce ƙofar gidansa ta ɓalle. Ya miƙe ya ce in gaya wa Ɗan Tsito zai dawo.

Yarinyar tana goye ciwon ƙirji ya kama mai walda. Bai daɗe yana jinya ba ya rasu.

Tsaya-Haka ya gwada wasu masu turi, hotuna suka riƙa fitowa da rawa. Wataƙila da ya daure da ya samu wanda ya iya. Bai daure ba. Ya kwance Ƙaho ya rataye shi a kan azarar shagon, ya koma ga kujera da furen roba. Matar wansa ta ci gaba da zama a gidansu, shi ya ɗauki nauyin yarinyar har ta gama karatu ta zama nas. Hotunanta kuwa, tun daga rarrafe, sun cika akwati. Kamar yana tsoron ta juya baya bai ɗauka ba.

Shekaru suka tafi. Kowa ya samu kyamara a aljihunsa, ni ma keken rubutuna ya zama abin da yara suke leƙowa su gani. Muka zama tsofaffi biyu a kan benci ɗaya. Yanar ido ta fara rufe masa gani, idon dama ya riga na hagu.

Ranar da nas ta kawo jaririnta layinmu, duk tsohon da ya leƙa zanen sai ya ce, "Kakansa sak." Mai gyaran agogo ya faɗa, ni ma na faɗa. Ta yi murmushi ta yi godiya. Da mutane suka watse ta zauna a kujerar nan mai hannu.

"Baffa, kowa yana ganin babana a fuskar yaron nan, ban da ni."

Ta gyara wa jaririn zane, ta ci gaba.

"Tun ina ƙarama kake ce mini za ka duba. Ba na son mai kyau. Ko na gefe ne, ko daga nesa. In dai ga fuskarsa sau ɗaya."

"Zan duba, 'yata."

"Haka ka ce ina aji ɗaya."

Da ta tafi ya daɗe yana murza farcensa. Sannan ya ce mini, "Akawu, idona ba zai kai rani ba. Kuma akwai abin da ban gaya wa kowa ba. Idan na rufe ido ina jin muryarsa, har dariyar. Fuskar ce ba ta zuwa."

Washegari muka sauko da gwangwanayen biskit da yake ajiye fim a ciki. Bai taɓa zubar da fim ko ɗaya ba. Tunda nawa idon ya fi nasa, ni nake ɗaga kowane yanki a jikin taga in duba da gilashin ƙara girma, shi yana zaune yana jira in yi magana. A fim fari yakan zama baƙi, baƙi ya zama fari, don haka duk direbobin nan, waɗanda yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya, suna kallona da fararen fuskoki da baƙaƙen haƙora.

"Akwai?"

"An goge."

"Wannan fa?"

"An goge."

Kwana da kwanaki muna wannan. A takarda gyaran ba ya nunawa, amma a fim, idan ka karkata shi haske ya kwanta a kai, sai ka ga inda reza da buroshi suka bi. Da farko tabo kawai nake gani a bayan kowace mota. Da na ga da yawa sai idona ya fara gane siffarsa. Ga tudun kafaɗa. Ga wuya ya miƙe gaba. Ga inda kai yake. Hannun mai gogewa ya bi gefen jikin wansa daidai, mota bayan mota, har ya zana shi ba tare da ya sani ba, sai dai cikin zanen babu kowa. Na kai inda nake ƙin ɗaga fim ɗin. Da na gaya masa, ya karɓi ɗaya ya shafa da yatsa a hankali.

"Ina jin wurin," ya ce. "Aikina yana da kyau, Akawu. Ban bar ko kunne ba."

A ƙasan gwangwanin ƙarshe muka sami wani yanki a naɗe cikin takardar sigari, ba a taɓa shi ba. Da na kwatanta masa motar sai ya tuna. Wata ƙaramar mota ce, mai ita ya yi rubutu a jikin ƙofa yana so ya fito, don haka aka ɗaura Ƙaho ta gefe. Ta gefe kuwa babu wurin ɓuya, mai turi ya fito gaba ɗayansa. Gogewar babban aiki ce, sai ya ajiye zuwa wani mako. A makon ne wansa ya kwanta.

Ya haɗa ruwan wanki da ya rage masa, muka shiga ɗakin duhu da tsakar rana, kafaɗata tana gugar tasa. Ya kunna jar fitila. Ya haska fim ɗin a kan takarda, ya tsoma ta a faranti, yana girgiza shi a hankali.

"Gaya mini abin da yake fitowa."

Tayoyi suka fara bayyana. Sai jikin motar, da rubutun ƙofa, da direba a sandare. Sai itatuwa, zare-zare. Sai bututun Ƙaho ya ratso daga ƙasa. Sannan a gefen but, hannaye biyu. Sun fito tas fiye da komai a hoton, domin sun manne da motar, inda ta je sun je. Ana ganin jijiyoyi, da ɗigon ƙunar walda, da wani dogon tabo a bayan hannun hagu. Daga gwiwar hannu abin ya fara laushi. Ƙafafu sun zama ƙura. A saman kafaɗa kuwa, inda fuska za ta kasance, akwai wani abu kamar hayaƙin da iska ta ja dama da hagu.

Na gaya masa. Ya ciro takardar ya kai ta dab da idonsa na hagu, ruwa yana ɗiga a rigarsa.

"Ya ji maganata," ya ce. "Ko a nan, da ya san duk jikinsa a waje yake, ya kaɗa."

Na ɗauka a nan abin zai tsaya. Amma mutumin da ya iya cire mutum daga hoto yana ganin zai iya mayar da shi. Ya wanke kwafi da yawa, ya ɗauko buroshin nan mai gashi kamar gira, ya zauna a bakin ƙofa inda haske ya fi ƙarfi, hancinsa yana kusan taɓa takarda. Yana sa ido a cikin hayaƙin, yana sa hanci. Idan ya gama ɗaya sai ya ƙwanƙwasa bangon katako.

"Akawu, shi ne?"

Na duba. Mutum ne, amma ban san shi ba. Na gaya masa gaskiya. Ya ɗauki wani kwafin. Na biyu ya yi kama da wani mai faci da ya taɓa zama a layin. Wanda ya fi gamsar da shi, shi ya ce a kira matar wansa da 'yarta su gani.

Suka zo da yamma. Matar ta tsufa, tana dogara sanda. Ta sa tabarau ta riƙe hoton da nisa, ta matso da shi.

"Mai hoto," ta ce, "wannan ai kai ne. Kai ne lokacin da kake da sauran gashi. Ka dai ƙara wa kanka wuya."

Ta so ta yi dariya, ta ga fuskarsa, ta fasa.

"Akwai wani," ya ce, yana lalube a kan tebur. "Bari in gyara idon. Idon ne ban samu ba."

"Baffa, ka bari," in ji nas. "Ina wanda ba ka taɓa ba?"

"Babu fuska a wannan."

"Na sani. Ba ni shi."

Ni na miƙa mata. Ta ba uwarta jaririn, ta kai hoton bakin ƙofa. Ta daɗe. Ba ta kalli hayaƙin sosai ba, ƙasa take kallo.

"Mama, wannan tabon na mene ne?"

Matar ta karɓa ta duba, sai ta zauna a kujerar ba tare da an ce ta zauna ba. Ta ce ranar da ya kawo mata gadon ƙarfen da ya ƙera da kansa ne. Gadon ya ƙi shiga ƙofa, ya rantse sai ya shiga, ya shiga kuwa, tare da fatar hannunsa. Ta ce ya hana ta ɗaure masa, wai kada maƙwabta su ce amarya ta cije shi. Daga nan ta wuce zuwa yadda yake ɓare mata lemo da babban yatsan nan, da yadda tafin hannun yake kama zare idan ya shafa mayafinta. Nas ta ce mini daga baya ba ta taɓa jin uwarta ta yi maganarsa haka ba. Tsaya-Haka yana tsaye a jikin labule yana saurare, buroshi a hannunsa.

Da za su tafi, nas ta ce ya wanke mata babba, wanda za ta sa a firam, kuma kada ya goge komai, har bututun. Ya wanke mata. Shi ne hoto na ƙarshe da ya fito daga ɗakin duhun nan. Yana rataye a falonta, kuma baƙi sukan tambaye ta me ya sa ta ajiye hoton da ya lalace.

Fuskokin da ya zana ya sa na yayyaga su a gabansa. Kafin rani idon ya rufe gaba ɗaya. Jikokinsa sukan kawo shi bencinmu da hantsi su dawo su ɗauke shi. Bai cika magana ba. Wata rana, ana saura kaɗan ya kwanta ciwon ajali, muna zaune wata mota ta mutu a bakin layi, samari suka taru suna turawa suna ihu. Ya karkata kai yana saurare har suka yi nisa.

"Ba su iya ba," ya ce. Can ya dafa gwiwata. "Akawu, kai mai lura ne. Yaya yana da wushirya?"

Na rufe ido na nemo ranar farar riga. Na ga rigar, na ga yatsan a kan keken rubutu, na ji tambayar da ya yi mini. Na ɗaga kai in kalli bakin da ya yi tambayar, ban samu ba.

Na ce masa ban sani ba. Har yau ban sani ba.